Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu riƙe da ragamar kiwon lafiya a jihar Damagaram: ma'aikatanku sun gaji

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, shugabanninmu masu kula da kiwon lafiya a jihar Damagaram, na cikin birni da na gundumomi, tun daga Mirya, Magarya, Dungas da Matamai har Tanut da Gure. Ina gaishe ku da aiki, ina yi muku barka da ganin ƙarshen damina lafiya. Allah ya ƙara muku basira a kan nauyin da ya ɗora muku.

Ni ungozoma ce. Na yi aiki a ƙauye, na yi a birni, furfura ta fito mini a cikin wannan farar riga. Da yawun abokan aikina nake magana: ungozomomi, ma'aikatan jinya, masu awon jini, ƴan kwantaragi, ƴan sa-kai da muke kira benebol, har da matan da ke wanke ɗakin haihuwa da direbobin ambilans. Babu wanda ya kira taro ya naɗa ni kakakinsu. Magana ce da muke yi kullum a tsakaninmu, a ɗakin gadi, wato inda muke kwanan aikin dare, a wurin suna, a wurin gaisuwar rasuwa, sai na ga lokaci ya yi da za ta zo gabanku a rubuce.

Damina ta wuce, zazzaɓin cizon sauro ya fara lafawa. Kamar kowace shekara, mun aiko muku da lissafi: yara nawa aka kwantar, nawa aka ƙara wa jini, magani nawa ya fita, nawa suka rasu. A duk takardun da muka cika babu layi ko ɗaya da ya tambayi halin da masu aikin suka fito ciki. Hutun shekara da aka ce wa da yawanmu su dakata da shi “sai aiki ya yi sauƙi” yana nan a dakace, kuma mun san aikin ba ya sauƙi. Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da bayyana irin gajiyar da nake nufi, don kada a ɗauka ciwon baya da kumburin ƙafa muke kuka da su. Gajiyar jiki, in mutum ya samu barci mai kyau, da safe ta tafi. Wannan kuwa da ita ake kwana, da ita ake tashi. Za ki ga mace ta tsaya a ƙofar gida da jakarta, ta san ana jiranta a wurin aiki, ƙirjinta ya yi nauyi, ƙafa ta ƙi tafiya. In ta kwanta barci ya ƙaurace, in ya zo sai mafarkin ɗakin haihuwa. Ga mantuwa, ga saurin fushi da ƴaƴanta a kan abin da bai kai ya kawo ba, ga ciwon kai da ciwon ciki da awo bai gano komai a kansu ba. Mu da muka karanta aikin jiki mun san dalili. Idan mutum ya shiga tashin hankali, jikinsa na sakin sinadarai irin su adirenalin da kotizol don ya iya fuskantar haɗarin da ke gabansa. Don ɗan lokaci aka yi su. In suka zauna a jini wata da watanni ba sauka, sai su lalata barci, su ɗaga hawan jini, su dusashe tunani.

A watan Mayu na 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sanya wannan hali cikin bugu na 11 na kundinta na rarraba cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Ba ta lissafa shi a matsayin cuta ba. Cewa ta yi hali ne da wurin aiki ke haifarwa idan matsi ya daɗe ba a yi maganinsa ba, ta kuma ba shi alamu uku: ƙarewar ƙarfi, janyewar zuciya daga aikin har mutum ya riƙa kallonsa da ƙyashi da ɗaci, sai kuma raguwar ƙwazo da jin cewa duk abin da ka yi bai tsinana komai ba. Ku lura, ranku ya daɗe, wurin aiki ta ambata. Ke nan maganin ba ya hannun ma'aikaci shi kaɗai, akwai kaso mai tsoka a hannun masu tsara aikin.

Alama ta biyun nan ita ce wadda jama'a ke gani, ita ce kuma ta ɓata mana suna. Duk wanda ke sauraren shirye-shiryen kiran waya a gidajen rediyon garin nan ya ji: ungozomomi ba su da tausayi, ma'aikatan likita ba su da fara'a, ka kawo mara lafiya ana latsa salula. Ba zan kare wadda ta zagi mace mai naƙuda ko ta mare ta ba. Ta yi laifi, a hukunta ta. Amma ina roƙonku ku tambayi kanku yadda yarinyar da ta fito daga makaranta da zuciya mai laushi take zama haka.

Na san wata ƙanwata a aiki da aka tura wani gidan likita na karkara, ita kaɗai ce ungozoma a wurin. Farkon zuwanta, da kuɗinta take sayen sabulu ta ba matan da suka zo haihuwa hannu wofi. Ranar da ta fara karɓar jariri ba rai, kuka ta yi har dangin mai jegon suka koma ba ta haƙuri. Bayan wasu damuna muka haɗu a wani taro, na ga ta rame, dariyarta ta tafi. Da muka keɓe sai ta ce mini: “Tanti, wallahi tsoron kaina nake ji. Yanzu in jariri ya rasu a hannuna ba na jin komai, takardar da zan cika kawai nake tunani.” Wannan yarinya ba muguwa ba ce. Mu mutanen Damagaram mun fi kowa sanin halin ruwa: rijiyar da ake ja dare da rana ba a bar ta ta tsatso ba, ƙarshenta laka guga ke fitowa da ita. Kalaman nan masu zafi da ake ji daga bakinmu, da yawansu lakar ce.

Yanzu ga koke-kokenmu.

Babbansu shi ne kwanan gadi. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu ta tsayar da aikin mako a awa 40. A gidajen likita na ƙauye inda ma'aikaci ɗaya ko biyu ne, kuma ɗakin kwanansu na cikin harabar, lissafin awa ba shi da ma'ana, domin duk lokacin da amalanke ya tsaya a ƙofa aiki ya fara, ko ƙarfe uku na dare ne, ko ranar Salla ce. A birni akwai jadawali, amma idan ɗaya ta haihu, ɗaya ta tafi horo, ɗaya ba ta da lafiya, wadda ta sauka daga gadi da safe ita za a ce ta ɗan tsaya ta taimaka da awon ciki. Ɗan tsayawar nan yakan kai azahar. A 2021 OMS da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, sun fitar da binciken da ya nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, idan aka gwada shi da mai awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta cewa dogon aiki ya yi ajalin mutum 745,000 a duniya a shekarar 2016 kaɗai. Mu da ke yi wa jama'a nasihar hawan jini, mu ne ke ɓoye ƙwayar hawan jini a aljihun riga.

Kuma illar ba ta tsaya a kanmu ba. Tun 1997 masu bincike a Ostireliya suka nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, natsuwarsa da saurin hannunsa na raguwa daidai da na wanda barasa ta taɓa har iyakar da dokokin ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da ita. To, a cikin irin wannan hali ne muke lissafa allurar artesunat ta zazzaɓin cizon sauro gwargwadon nauyin yaro, muke auna magani ga mai ciki da jijjiga ta kama, muke duba ko jinin da za a ƙara ya dace da na mara lafiya. Kuskuren lamba ɗaya a nan rai ne. In ya faru, sunan ma'aikaciya za a rubuta a rahoto, babu mai rubuta yawan awoyin da ta yi a tsaye.

Na biyu, yawan jama'a da ƙarancin hannu. A ƙidayar 2012 jiharmu ce ta fi kowace jiha yawan mutane a Nijar, sama da miliyan 3.5, kuma tun lokacin haihuwa ake yi. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna mace ɗaya na haihuwar yara 6.2 a matsakaici. OMS ta ce ƙasa na bukatar likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi kimanin 45 ga kowane mutum 10,000 kafin a ce kiwon lafiya ya wadata, kuma kun fi ni sanin ba mu kai ko kusa ba. Shekararmu ba ta da watan shaƙatawa. Da sanyi tari da ciwon haƙarƙari, da zafi ƙyanda da sanƙarau, ga ranar da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, daga Yuli zuwa Oktoba kuma zazzaɓi ya haɗu da tamowa, yara biyu ko uku a gado ɗaya. A tsakani ga zagayen rigakafin shan-inna, ga rabon maganin kariyar zazzaɓi gida-gida. Ku tuna abin da ya biyo baya a ƴan shekarun nan: sanƙarau a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, mashaƙo a 2023 musamman wajen Matamai, yanke wutar lantarki daga Najeriya da rufe iyakoki bayan Yulin 2023, lokacin da da yawanmu suka karɓi haihuwa da hasken salula, sai ruwan 2024 da ya rushe gidaje har ya kayar da tsohon masallacin Birni. Mutanen da suka tari na farko su ne suka tari na ƙarshe.

Mun yi farin ciki da matakin da gwamnati ta ɗauka a Agustan 2024 na rage kuɗin jinya da rabi a gidajen likita na gwamnati da mayar da haihuwa kyauta, kamar yadda muka yi murna da kyautar jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa tun 2006. Talaka ya samu sauƙi, mata da yawa da za su haihu a gida sun zo hannunmu, kuma abin da muke fata ke nan. Sai dai duk matakin da ya ƙara masu shigowa ta ƙofa, ya kamata ya zo da lissafin masu tarbarsu.

Daga nan ne kuka na uku ya taso. Uba ya ji a rediyo cewa kyauta ne. Ya zo, maganin ya ƙare a ma'ajiya, muka rubuta masa takarda ya je farmasi. A ransa mu ne muka ɓoye don mu sayar. Ba ya ganin wanda ya yi odar magani, ba ya ganin wanda ya jinkirta biyan kuɗi, fuskar da ke gabansa ita ce mai laifi. Zagi ya zama abincinmu, wani lokacin har da barazana, kuma da dare a wurare da yawa mace ce ita kaɗai da tsohon mai gadi. Abin da ya fi zagin ciwo shi ne ka san abin da zai ceci yaro, ka iya yin sa, amma babu jini, ko babu iskar numfashi, ko ambilans ba ta da mai. Ka tsaya kana kallo. Irin wannan ciwo ba ya fita da wanka.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ku tsaya a kansa, wato mutuwa. Mu Musulmi ne, mun yarda kowane rai da ajalinsa. Amma wanda ya rasa ɗa ɗaya, ana zaman makoki, ana zuwa masa gaisuwa, ana kawo masa abinci. Ma'aikacin sashen yara a watan Satumba yakan rufe idon yara fiye da ɗaya a dare guda, ya wanke hannu, ya juya ga gado na gaba. Babu mai ce masa sannu. Idan mace ta rasu wurin haihuwa ana zaman bitar abin da ya faru, kuma zaman yana da amfani, a kan takarda ma an ce ba don neman mai laifi ake yin sa ba. A aikace sau da yawa ungozomar da abin ya faru a hannunta takan fito daga zaman kamar wadda aka gurfanar gaban alƙali. An tambaye ta ƙarfe nawa ta auna, ƙarfe nawa ta kira, ba a tambaye ta ko ta runtsa tun ranar ba. Na ga waɗanda bayan irin wannan suka koma tura kowace naƙuda mai ɗan wuya zuwa babban gidan likita don tsoro, can kuma cunkoso ya ƙaru. Na ga waɗanda suka nemi canji zuwa ofis, hannu mai kyau ya bar ɗakin haihuwa har abada.

Sai maganar benebol da ƴan kwantaragi. Abin lura ne cewa masanin da ya fara bayyana wannan gajiya a rubuce, Herbert Freudenberger, a 1974, a cikin ƴan sa-kai na wani ɗakin shan magani kyauta a Amurka ya gan ta, mutanen da suka shigo da zafin son taimako. Namu ƴan sa-kan sun fi nasa shiga uku, domin su ba zaɓi suka yi ba. Sun gama makaranta, iyaye sun sayar da dabba sun biya, aiki bai samu ba, sai suka zauna suna gadi kamar kowa da fatan wata rana sunansu zai fito. Shekaru na tafiya. Wata kuɗin kabu-kabu ma sai ta roƙi mijinta ko mahaifinta. Mutumin da ke aiki babu albashi, babu tabbacin gobe, sannan ya ga wanda ya zo bayansa an ɗauke shi don yana da wani a sama, me ake tsammanin zai rage a zuciyarsa?

Takardu kuma, a taƙaice: kowane shiri da rajistarsa, kowace ƙungiyar agaji da fom ɗinta, kuma lambobi ɗaya ne muke kwafewa daga wannan zuwa wancan, yanzu har da shigar da su a na'ura. In ƙarshen wata ya zo, majo, wato shugaban ma'aikatan wurin, ba ya ganin mara lafiya, ba ya ganin iyalinsa.

Akwai abin da maza a cikinku ba lalle su gani ba. Yawancin masu karɓar haihuwa da jinya mata ne, kuma in mace ta sauka daga gadi wani aikin ke jiranta. A garin nan da famfo kan yi kwanaki bai kawo ba, ko ya kawo sai tsakar dare, wadda ta kwana a tsaye ita ce za ta jera bido ko ta bi ƴan garuwa. Ga girki, ga yara, ga surukai, ga maigidan da ya fara ƙorafin cewa aurenta da likita aka ɗaura. Barcin ramuwa da rana a ɗakin kwano cikin watan Mayu, wanda ya gwada ya sani.

To ina mai wannan hali zai kai kukansa? In ya faɗa wa majo, a ce raki ne. In ya faɗa a gida, a ce ya gode wa Allah yana da aiki. In ya yi tunanin zuwa sashen masu taɓin hankali, to abokan karatunsa ne a can, kuma kafin la'asar labari ya zaga cewa wane ya taɓu. Saboda haka kowa na yin nasa maganin a ɓoye. Shayi mai kauri da Nescafé don a hana ido rufewa, sannan ƙwayar barci don a tilasta masa rufewa. Kun san mabuɗin kabad ɗin magani a hannunmu yake. Kun san abin da tiramol ya yi wa matasan garin nan, kada ku ɗauka farar riga na kare mutum daga shi.

Ba zaune muke ba, ranku ya daɗe. Muna musayar gadi a tsakaninmu idan muka ga wata ta kai maƙura. Manya na jan ƙanana gefe bayan dare mai nauyi. Muna tunatar da juna cewa a ci abinci kafin a hau aiki, a rage shayi in asuba ta gabato don barci ya samu, a kashe salula in an kwanta, a riƙe zumunci da mutanen da ba ruwansu da likita don hira ta canza. Muna kuma koya wa juna bambance wannan gajiya da ciwon damuwa mai tsanani: idan baƙin cikin ya bi mutum har gida da wurin biki, ya wuce mako biyu, ya daina jin daɗin komai, ko ya fara cewa gara mutuwa, to wannan ya wuce hutu, likita yake bukata a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Duk wannan muna yi. Amma wadda aka mayar gadi dare uku a jere, babu dabarar numfashi da za ta cece ta.

Ga abin da muke roƙo, kuma da gangan na fara da waɗanda ba sa bukatar kuɗi daga Yamai.

Ku fitar da umarni a rubuce cewa duk wanda ya sauka daga gadin dare ya tafi gida, kuma ba za a kira shi ba sai ya samu cikakken yini na hutu, in ban da annoba ko babban haɗari. A manna jadawalin gadi a bango tun farkon wata, kowa ya gani, domin rabin ɗacin da ke tsakaninmu daga zargin son kai a rabon gadi yake fitowa.

Ku sa kowace gunduma ta tsara hutun shekara tun watan Janairu, a san wanda zai tafi da wanda zai riƙe masa. Ga gidajen likita masu ma'aikaci ɗaya, a ware ƴan mutane kaɗan a gunduma da aikinsu shi ne zagayawa suna karɓar wanda zai huta. Mun yarda a hana hutu daga Yuli zuwa Oktoba, in dai za a biya bashin daga Nuwamba.

A kowane wurin da ake kwana, a samar da ɗaki mai ƙofa da makulli, da katifa, da randar ruwa, da makewayi na ma'aikata. Abin kunya ne a ce sai an roƙi wannan, amma ga shi muna roƙo.

Bayan kowace rasuwar mai haihuwa, da kuma ƙarshen kowane mako a sashen yara lokacin zazzaɓi, a ba ma'aikata rabin awa su zauna su yi magana a kan yadda abin ya taɓa su, daban da zaman bita, babu rubuta suna, babu mai ɗaukar rahoto. Kuma a horar da majo-majo da shugabannin sassa su iya gane alamun nan da yadda ake yi wa mutum magana a kansu. Ƙa'idojin da OMS ta fitar a Satumban 2022 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki sun ba da shawarar horar da shugabanni ƙarara. Kuɗin taro ɗaya daga cikin tarurrukan da ake yi a otal ya isa a fara.

Muna roƙon a samu mutum ɗaya a kowace gunduma da ma'aikaci zai iya gani a asirce. Shirin mhGAP da OMS ta ƙaddamar a 2008 an yi shi ne daidai don ƙasashe irin tamu masu ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa, yana koya wa ma'aikacin jinya na gama-gari gane damuwa da taimaka wa mai ita. A zaɓi mai riƙe sirri, a ba shi lambar waya ta musamman, kuma a rubuta cewa abin da aka faɗa masa ba zai shiga fayil ɗin aikin kowa ba. In babu wannan sharaɗin, babu mai zuwa.

Kada ku tsaya a kan maganata. Muna da Jami'ar André Salifou da sashenta na kimiyyar lafiya, muna da makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta gwamnati a cikin garin nan. Akwai ma'aunin da Christina Maslach da abokiyar aikinta suka fitar tun 1981, tambayoyi 22 ne, ana amfani da shi a duniya don auna wannan gajiya a tsakanin ma'aikatan jinya. Ku ba ɗalibai da malamansu dama su zagaya da shi ba tare da ɗaukar suna ba, sau ɗaya a watan Yuni, sau ɗaya a Nuwamba, a buga sakamakon kowa ya gani. In ya nuna ƙarya nake yi, na yarda.

Waɗanda suka fi ƙarfin jiha, ku kai su gaba da muryarku: ɗaukar ma'aikata, da fifita benebol da suka daɗe suna aiki bisa jerin sunaye da kowa zai iya dubawa, da biyan ƴan kwantaragi a kan lokaci, da haɗe rajistoci don a daina kwafe abu ɗaya sau da yawa. Idan magani ya yanke, a manna sanarwa a ƙofa da sa hannun hukuma, don uban yaro ya san ba a jakar ungozoma yake ba.

Ina da kalma ga iyayenmu sarakuna, tun daga fadar Mai Martaba Sultan, Allah ya ja zamaninsa, da malamanmu masu hawa mumbari, tunda kuna zama da su. Idan ɗayanmu ya ce ya gaji, amsar da ya fi samu ita ce “ka yi haƙuri, aikin lada ne”, wani ma a ce masa raunin imani ne. Haƙuri muna yi, ladar muna fata. Amma Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, kuma babu wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi azumi kullum da tsayuwar dare duka, ya ce masa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa na da haƙƙi a kansa. In an faɗi haka a kan ibada, ina ga gadi? Muna roƙon a yi huɗuba a kan wannan, a kuma ja hankalin masu rakiyar marasa lafiya cewa wadda ke gabansu ƴar wani ce, matar wani ce, wataƙila tun jiya ba ta zauna ba.

Muna so ku kira zama kafin zafi ya shigo, wanda za a gayyaci masu kwanan gadi da kansu, daga birni da ƙauye, har da benebol da masu shara, ban da wakilan da suka daɗe da barin ɗakin jinya. A fito da jadawalin gadi da na hutu a rubuce kafin watan Yuli, domin in zazzaɓi ya sauko babu wanda zai samu sukunin zama.

Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
wata ungozoma, a madadin abokan aikinta na jihar Damagaram.